Alkamar Gembu da Ƙyashin Ubanki

Unguwar Majidaɗi,
Jalingo.

Zuwa ga Adda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naku, kuma tun safe nake jin ki kina ta buga kwanuka kamar su suka yi miki laifi. Allah Ya tsare ki a zaune, Ya tsare ki a tafe.

Za ki yi mamakin mutum ya rubuta wa 'yarsa takarda alhali suna gida ɗaya. To, ke 'yar fari ce, kin kuma san yadda muka tashi. Ban taɓa kiran sunanki ba, Adda nake ce miki kamar yadda ƙannenki suke faɗa, ban kuma taɓa zama da ke mun yi doguwar magana ba. Abin da zan faɗa bakina ba zai iya ɗaukarsa ba, shi ya sa na ɗora wa biro.

Jiya Innarki ta gaya mini abin da kika yanke. Wai idan motar tashar gwajin alkama ta zo ɗaukarki ranar Asabar, za ki ba su haƙuri ki ce kin fasa, saboda tun ranar da aka ce an ɗauke ki aiki kika ga na ɗaure fuska, kuma ba za ki tafi inda ubanki bai sa miki albarka ba. Aikin nan na mataimakiyar mai bincike a tashar gwajin alkama ta kan dutsen Gembu ba irin wanda ake ajiye wa mutum ba ne. Idan motar ta koma ba ke, kafin sati ya zagayo an ba wani. Kuma ni ne zan zama sanadi.

Innarki tana tsammanin nisa ne ya dame ni, ko sanyin can, ko kuma don ke budurwa ce za ki bar gida. Na bar ta da tsammaninta. Ke kuwa zan gaya miki gaskiya. Ƙyashi ne. Ina ƙyashin Hammanjoda, wanda kike kira Baffa Joda, babban ma'aikacin tashar, wanda ya yi miki hanyar aikin, wanda kuma a gidansa za ki zauna wurin matarsa. Wani ɓangaren ƙyashin kuma naki ne ke da kanki. Na san ba kyau a ji haka daga bakin uba, amma haka abin yake.

Kin san na yi aiki a can kafin a haife ki da kuma lokacin da kike goye, amma ba ki san yadda muka zauna da mutumin nan ba. Tare aka ɗauke mu muna samari. Ni ɗan gari, na ɗan fi shi boko. Shi kuwa daga rugarsu ta bayan Sunkani ya fito, Hausarsa ma a karkace, komai namiji ne a bakinsa, har uwarsa. Ɗaki ɗaya aka ba mu. Ni na koya masa hawan keke, ni na nuna masa yadda ake karanta sikeli. A raina na gama ajiye shi a bayana, kuma na ji daɗin zamansa a can.

Sai lokacin haɗin iri ya zo. Kin karanta wannan a kwalejin noma, amma bari ki ji shi daga wanda ya durƙusa a kansa. Alkama ita take yi wa kanta aure, namiji da mace suna cikin fure ɗaya. Idan Dokta, wato mai binciken da muke yi wa aiki, yana son ya haɗa iri mai jure cutar tsatsa, wadda ke cin ganye, da iri mai yawan ƙwaya, dole sai an fiɗiye ɗaya tukuna. Za ki zaɓi zangarniyar da ba ta gama fitowa ba, ki datse bakin kowane fure da ɗan almakashi, ki sa hantsaki ki zaro mazan nan guda uku tun suna kore, ba tare da kin taɓa macen ba. Sai ki rufe zangarniyar da 'yar jakar takarda. Bayan 'yan kwanaki ki kawo zangarniyar uban da aka zaɓa ki kaɗa mata garin furensa, ki sake rufewa. Aiki ne na durƙuso, cikin raɓa, yatsu sun ƙage don sanyi.

Dokta ya zo wucewa wata safiya ya tsaya a kan Joda, ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ce bai taɓa ganin hannu mai natsuwa irin wannan ba. Ni ina layi na gaba, ko kallona bai yi ba. Daga ranar na ɗaura tsere da mutumin da bai ma san ana tsere ba. Idan ya rufe zangarniya ɗaya sai na rufe biyu. Da yamma in tsaya a bakin gona ina kallon fararen jakunkunana sun fi nasa yawa, ina jin daɗi. Ashe garin sauri ina barin namiji ɗaya a ƙasan fure, wani lokaci kuma in fasa shi da hantsaki in wuce. Zangarniyoyina suka cika fal da ƙwaya, nasa kuwa 'yan ƙwayoyi a yamutse, har na yi masa dariya. Ban san cewa ƙwayar haɗin gaske haka take fitowa a yamutse ba. Da aka shuka nawa a damina ta gaba, yawancinsu suka fito sak uwarsu, babu ɗigon uba a jikinsu. Alkamar ta auri kanta a cikin jakata, ni kuma na rataya mata alamar ƙarya. Shekara guda ta Dokta ta tafi a banza.

Don haka, Adda, kada ki ɗaga kai ki ƙirga jakunkunan wani. Ki duba furen da ke gabanki har sai idonki ya tabbatar babu abin da ya rage a ciki. Idan kika fasa namiji, ki tsinke furen nan ki yar, ki goge hantsakinki, kada ki ce ai ba wanda ya gani. Gona za ta faɗa, sai dai ba ta faɗa da wuri, sai an riga an yi asarar shekara.

Wannan kuskure Dokta ya yafe mini shi, ya ce ƙuruciya ce. Amma da aka tashi tura mutum ɗaya kwas a arewa don ya koyo aikin ɗakin gwaji, Joda aka tura. Ya dawo da farar riga har gwiwa, da 'yan kalmomin Turanci da yake furtawa kamar yana kiran shanu. Wallahi ranar da na gan shi cikin rigar nan abinci bai shiga cikina ba. Ya same ni a ɗakinmu ya ce in zo ya nuna mini yadda ake auna danshin iri da na'ura kafin a ajiye, da yadda ake jera ƙwaya a kan jiƙaƙƙiyar takarda a ga nawa za su tsira. Na ce masa ni ɗan manomi ne, haƙorina ya ishe ni sanin busasshen hatsi. A Jalingo haƙori yana iya isa, domin rana tana yi mana rabin aikin. A Gembu kuwa iska kanta jiƙaƙƙiya ce. Na ciji irin da aka damƙa mini na ji ya yi ƙaras, na ɗura a ambulan-ambulan na kai sito. Da aka buɗe lokacin shuka, funfuna ta yi masa fari fat. Ba rashin sani ne ya jawo ba, tunda mai sanin yana kwana a gado na kusa da nawa. Ban so in koya daga hannunsa ba ne kawai.

Ki koya daga duk wanda ya fi ki, ko da ganinsa yana sa ki ciwon kai. Kuma kada ki zaɓi ɓangare. Za ki tarar a can mutanen gona suna yi wa na ɗakin gwaji kallon ragwaye masu gudun taɓo, su kuma suna yi wa na gona kallon leburori. Aikinki ya haɗa duka biyun. Abin da kika ɗebo da safe da takalmin roba, shi za ki auna da rana cikin farar riga, kuma idan kika yi sakaci a ɗaya, ɗayan ma ya lalace.

Tunda na tuna, ki riƙa rubuta alamar kowace zangarniya da fensir, kada ki yi da biro, ruwan can yana wanke tawada ya bar ki da farar takarda. Sunan uwa ake fara sawa, sannan na uba. Ki sayi suwaita mai kauri tun a nan, kada ki dogara da mayafi. Matan da ke yi muku cirar ciyawa da korar tsuntsaye ki gaishe su da sunayensu, ki koyi gaisuwa da yarensu, domin su ne suke wuni a gonar lokacin da ke kina ciki. Na san Joda zai gaya miki duk wannan. Na dai so ki fara ji daga wurina.

Yanzu ga babban. Innarki kaɗai ta sani, sai kuma mutum ɗaya.

Shekaru suka wuce, na gyara hannuna, har haɗin da na yi ya kama. Ki sani cewa Dokta ne yake tsara wa za a haɗa da wa, sunan tasha ne kuma a kan iri, amma duk ma'aikacin da hannunsa ya yi haɗi yana ɗaukar zuriyar nan tamkar 'ya'yansa. Shekara bayan shekara kana shukawa, kana zaɓe, kana zubar da na zubarwa, har ka san su da ido daga nesa. A ƙarshe aka tace aka tace, 'yan iri kaɗan suka rage da za su shiga babban gwaji, wanda daga shi sai gonakin manoma. A cikinsu akwai ɗaya daga haɗina, doguwa mai manyan zangarniya, kyakkyawa. Akwai ɗaya daga haɗin Joda, gajera, ba ta da wani fasali, sai dai tsatsa ba ta kama ganyenta.

Dokar babban gwaji ɗaya ce: kowane fuloti, wato ɗan yankin gona da aka ware wa iri ɗaya, a yi masa daidai da ɗan'uwansa. Iri a auna, taki a auna, rana ɗaya a shuka, rana ɗaya a yi noma. Ana warwatsa fulotan a gonar, kowane iri ya fito a wurare da dama, a sa musu lamba maimakon suna, don kada idon mai dubawa ya yi son kai. Amma ni na kafa turakun, saboda haka na san lambar kowa. Da alkama ta fara rufe ƙasa sai na ga ta Joda tana yin 'ya'ya da yawa a gindi fiye da tawa. Na riƙa zagayawa ina dubawa, raina yana ƙuna. Ni dai a ce wannan karon ma shi ne?

Wata Juma'a kowa ya sauka gari masallaci, na ce su yi gaba cikina yana murɗawa. Na shiga sito na cika aljihun rigata da takin yuriya. Na bi fulotan irina ɗaya bayan ɗaya ina barbaɗa musu, ana yayyafi, takin yana narkewa nan take. Ban taɓa na Joda ba, ko ganye ɗaya ban karya masa ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina. Na ce ai ban cuci kowa ba, nawa na taimaka wa. Na wanke hannu na bi su, na samu raka'a ta biyu.

Bayan kamar sati biyu fulotaina suka yi duhu, kore shar, ana hango su daga hanya. Muna tafe da Joda a tsakanin layuka sai ya tsaya, ya dubi wannan, ya juya ya dubi wancan na can ƙarshen gona, ya tsuguna ya ɗebi ƙasa ya murza. Sai ya ce, "Adamu, alkamanka ya yi kore da yawa."

Na ce masa irin ne haka. Ya ce to, ya kakkaɓe hannunsa muka wuce. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar, daga ranar har yau.

Shekarar tsatsa ba ta yi ƙarfi ba, iska ma ta yi mana sauƙi. Da aka girbe aka sussuke aka ɗora a sikeli, tawa ta sha gaban kowa. Dokta ya yi ta murna, ya dafa kafaɗata a gaban jama'a, abin da na shekara da shekaru ina jira. Ta Joda aka cire ta daga gwaji. Irin da aka cire kuwa ba a ɓata wuri da shi, akan juye shi wuri ɗaya a raba wa ma'aikata su kai gida. Matar Joda ta niƙa nasu kason ta yi funkaso, ta aiko mana da shi cikin kwano. Na ci, Adda. Innarki ta zuba mini miya na ci.

Damina ta gaba aka raba irina ga manoman ƙauyukan da ke kewaye, mutanen da suka yarda da mu suka ware mana gefen gonakinsu na masara. A can babu mai bin ta da taki a aljihu. Tsatsa ta zo da ƙarfi shekarar, ganye ya yi ja kamar an watsa masa jar ƙasa, abin da ya rage kuma iska ta kwantar da shi saboda tsawonta. Na raka Dokta zagaye, wani dattijo ya kai mu gonarsa ya tsaya kawai yana kallonmu, ko zaginmu bai yi ba. Dokta ya ɗora laifin a kan kansa da kuma yanayi. Ya nemi ragowar gajerar nan ta Joda a sake gwadawa, aka duba sito, ɗan abin da aka ajiye ya riga ya mutu. Aikin shekaru masu yawa ya tafi, kuma wasu ƙauyukan ba su sake karɓar iri daga hannunmu ba.

Na jira Joda ya kai ni ƙara. Da ya kai, da an kore ni, da na samu wanda zan ƙi da hujja. Bai kai ba. Ya ci gaba da gaishe ni, ya ci gaba da aiko mana da nono idan danginsa sun kawo. Shirun nan ya fi mini kora ciwo, domin bayan ya fi ni hannu, ga shi ya fi ni hali. Ban iya zama kusa da shi ba, na nemi canji na sauko Jalingo. Allah da ikonSa, da na zo ma'aikatar gona sai aka ba ni tsaron siton taki, a nan na ƙare aikina.

Ga shawarata a kan wannan, ki riƙe ta fiye da sauran. Za ki so wani iri. Ba makawa, duk wanda ya yi aikin nan da zuciya ɗaya sai ya so wani fuloti fiye da sauran. Ki so shi, amma hannunki ya yi masa daidai da na kusa da shi. Kada ki ƙara masa taki, kada ki fara cire masa ciyawa kafin na wasu, kada ki rage masa makin tsatsa don kin san lambarsa, kada ki zaɓo masa manyan ƙwayoyi idan za ki auna. In kin ji zuciyarki ta karkata, ki ce wa wani ya duba wannan layin a madadinki. Abin da kika rubuta a can kan dutse, wani mutum ne da ba ki sani ba zai shuka shi ya jira ya ciyar da iyalinsa.

Ina faɗa miki haka ne don na san jinina. Na ga yadda fuskarki take canzawa idan Innarki ta yabi tuwon ƙanwarki. Ba laifinki ba ne, gado kika yi. A tashar nan za ki tarar da wani ko wata da ta fi ki, kuma za a yabe ta kina tsaye. Abin zai yi miki zafi, kada ki yi wa kanki ƙarya ki ce bai yi ba. Abin da ban yi ba, wanda nake so ki yi, shi ne ki je ki tsuguna kusa da ita tun da wuri ki ce ta nuna miki. Ban ce ƙyashin zai tafi ba. Nawa ga shi har na yi furfura bai tafi ba. Amma zai tsaya a ƙirji, ba zai sauko hannu ba.

Sauran maganar ta shafe ki. Lokacin da kika fara zuwa hutu Gembu wurin matar Joda, saboda ƙawancensu da Innarki, ban hana ba don ba ni da dalilin da zan iya faɗa. Sai kika riƙa dawowa bakinki cike da Baffa Joda. Baffa Joda ya ce kaza, Baffa Joda ya bar ni na leƙa madubin ƙara girma, Baffa Joda ya ba ni hantsaki na gwada. Kina ba ƙannenki labari a tsakar gida, ni ina ɗaki ina ji, kamar ana zuba mini barkono. Wata rana na ɗaga murya na ce a yi mana shiru, mutane na son hutawa. Kika yi shiru, kuma daga ranar ba ki sake maganar alkama a inda nake ba. Na yi kuskure. Duk abin da ya nuna miki na iya shi, da na fito na zauna da na nuna miki wasu ma. Na bari kunya da baƙin rai suka ba shi ke a kyauta.

Da aka ba mu jiha Jalingo ta zama babban birni, sai ya riƙa saukowa taro yana biyowa ta gidan nan. Zuwansa na ƙarshe kin kawo mana ruwa, ya kira ki da cikakken sunanki, sunan da ni na raɗa miki amma ban taɓa furtawa ba. Da kika fita ya juyo ya ce mini, "Yarinyan nan hannunshi ba ya rawa, Adamu. Irin naka ne lokacin da ka daina sauri. Ka ba ni shi."

Kin ji mutum? Ko yabona zai yi sai ya haɗa da tuni. Na ce masa sai na yi shawara, na tashi na ce zan kewaya, na bar shi zaune a kan tabarmata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, shi yana da damar ya dube ki ya ce kin yi ƙoƙari. Ni ranar da kika kawo sakamakon kwaleji, to madalla kawai na ce, na ƙara muryar rediyo. Ba ki san cewa da la'asar na bi majalisar unguwa kaf ba, har Abbare na je wurin kawunki, ina ba da labari kamar ni na ci jarrabawar.

Ke kuma ina ƙyashinki ne don za ki hau dutsen nan da ƙuruciyarki da idonki garau. Ni yanzu ko zare ba na iya sa wa allura, hannuna yana karkarwa idan na ɗauki kofin shayi. Rabona da in riƙe ɗanyar zangarniyar alkama na manta, nan sai masara da shinkafa da doya. Wani lokaci ina zaune a ƙofar gida cikin zafin Jalingo sai in ji ƙamshin gonar nan da safe, in ji yatsuna suna motsi su kaɗai. Ni na bar aikin da ƙafata, ba wanda ya kore ni, kuma shi ne aikin da na fi so a duniya. Da aka ce ke za ki yi shi, murna da haushi suka zo mini tare, haushin ne ya riga isa fuska.

To ki saurara. Wannan ɗaurewar fuska ba taki ba ce, kada ki ɗauke ta ki ɗora a kanki. Na riga na ɓata iri ɗaya mai kyau saboda ƙyashi, ba zan zauna ina kallo in ɓata rayuwar 'yata da shi ba. Ki haɗa kayanki. Idan motar ta zo ranar Asabar ki shiga. Na yarda, na sa miki albarka, duniya da lahira. Ki zauna a gidan Joda da ladabi, ki taya matarsa aiki, ki bi maganarsa a gona da ɗakin gwaji. Ya fi ni sanin aikin nan, ya fi ni tun muna samari. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, kuma ba sai kin kai masa ba. Idan ya tambaye ni ki ce ina gaishe shi, kada ki ƙara komai.

Alfarma ɗaya nake nema. Akwai ranar da za ki buɗe jakar takarda ki tarar haɗinki na farko ya kama, 'yan ƙwayoyi a yamutse suna zaune a inda kika fiɗiye da hannunki. Za ki ji kamar ki yi ihu. Na san wurin wa za ki ruga, domin shi ne a kusa, ni kuma ina nan ƙasan dutse, tafiyar wuni guda. Ki je ki nuna masa, haƙƙinsa ne. Amma kafin ki gaya wa matarsa, kafin ƙawayenki, kafin ma Innarki, ki nemi direban da zai sauko Jalingo ki ba shi saƙo ya kawo mini. Na haƙura da zama na farko. Ki taimake ni kada in wuce na biyu.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare motarku a hawan dutse da kwane-kwanensa. Ya kare ki daga sanyi da ciwo da mugun abokin aiki, Ya kare abokan aikinki daga abin da kika gada a wurina. Allah Ya sa albarka a hannunki da abin da zai shuka, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalam,
Babanki.